Ku Tambaye Mu: Tafiyar cikar shekara goma da aure zuwa Ayislan

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan ƙasa ɗaya: Ayislan, tsibirin da ke can arewacin tekun Atlantika, wanda jama'arsa duka ba su cika 400,000 ba. Ma'aurata ne suka fi rubutowa. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani kowa, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan Yuni mai zuwa ni da maigidana za mu cika shekara goma da aure, yara kuma za su zauna wurin kakarsu. Na daɗe ina kallon bidiyon koren hasken nan da ke rawa a sararin samaniyar Ayislan, shi nake so mu gani tare. Kwana bakwai muke da shi. Me za mu fara shiryawa? — Wata Hajiya daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Abin da za ki fara shiryawa shi ne sauya wata, domin a Yuni ba za ki ga hasken nan ba ko da kin kwana a fili. Hasken yana nan a sama, duhun da za a gan shi a ciki ne babu. A ranar 21 ga Yuni, rana tana faɗuwa a Reykjavik, babban birnin ƙasar, bayan ƙarfe 12 na dare da 'yan mintuna, ta sake fitowa kafin ƙarfe 3. Abin da ke tsakani ma ba dare ba ne, kamar bayan magariba yake, mutum zai iya karanta jarida a waje.

Hasken arewa, wanda ake kira orora, yana samuwa ne idan ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa suka bugi iskar da ke can sama, daga kimanin kilomita 100 zuwa sama. Koren launin daga iskar oksijin yake fitowa. Lokacin ganinsa a Ayislan daga ƙarshen Agusta ne zuwa tsakiyar Afrilu. Amma ba duk watannin nan ne suka dace da baƙon da bai taɓa taka ƙanƙara ba. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa wajen 11:20 na safe ta faɗi wajen 3:30 na yamma, wato awa huɗu kacal za ku samu na ganin ƙasa, ga guguwa da ke rufe hanyoyi. Mu dai abin da muka zaɓa muku shi ne ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Yini yana da awa 10 zuwa 12, dare yana da duhu sosai, manyan hanyoyin kudu galibi ba su daskare ba tukuna, kuɗin masauki kuma ya sauka daga tsadar bazararsu. Na biyu shi ne Maris, sai dai a duba kalanda, saboda a 'yan shekarun nan azumi yana kamawa ne tsakanin Fabrairu da Maris.

Abu uku ne sai sun haɗu kafin a ga hasken: duhu, sarari ba gajimare, da motsin rana. Na tsakiyan ne ya fi kayar da mutane. Hukumar yanayi ta ƙasar tana da shafi, vedur.is, mai taswirar gajimare da ma'aunin ƙarfin hasken daga 0 zuwa 9. Ki lura da kyau, a taswirar nan fari ne sarari, kore kuma gajimare ne. Baƙi da yawa suna ganin kore su ɗauka hasken ake nuna musu, su tuƙa mota zuwa inda ba a ganin ko tauraro ɗaya. Ma'aunin da ya nuna 2 ko 3 ya isa idan sama ta washe. Ku fita daga hasken fitilun gari, ku jira tsakanin ƙarfe 9 na dare da 2. Idan a Reykjavik kuke ba mota, bakin hasumiyar Grótta a ƙarshen gari yana da ɗan duhu. Idan motar masu yawon buɗe ido za ku bi, ku yi rajistar daren farko, kada ku bari sai na ƙarshe, don yawancin kamfanonin suna sake ɗaukar wanda bai gani ba kyauta. Otal-otal na karkara da dama kuma suna da tsarin tayar da baƙo idan hasken ya fito, ki tambaya a wurin karɓar baƙi.

Gaskiya ɗaya da bidiyo ba ya faɗa: sau da yawa ido yana ganinsa ne fari-fari kamar siririn gajimare, kyamara ce ke fito da koren, sai a dare mai ƙarfi yake yin yadda kika gani. Kuma ana iya yin mako guda gajimare bai ɗaga ba. Ku shirya tafiyar yadda za ta yi daɗi ko bai fito ba. Idan kuwa ranar auren ce ba ta sauyuwa, Yuni ma yana da nasa: ƙasa kore shar, tsuntsayen fafin masu jan baki a kan duwatsun gaɓa, hanyoyi a buɗe, da rana a sama ƙarfe 11 na dare. Sai ki tanadi abin rufe ido na barci da ƙarin kuɗi.

TAMBAYA: Na nemi ofishin jakadancin Ayislan a Abuja ban samu ba. Ina ake neman biza, kuma ta ina ake bi? — Magidanci daga Kaduna

AMSA: Ba za ka samu ba, Malam, domin babu shi, ko a Abuja ko a Yamai. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2001, saboda haka bizar Shengen ce ake shiga da ita, kuma wata ƙasar Shengen ce ke karɓar takardu a madadinta. Wakilcin nan yana sauyawa, don haka ka duba jerin da ke shafin gwamnatin Ayislan a makon da za ka nema, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara.

Ƙa'idojin kuwa ɗaya ne a duk Shengen. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan aka ƙi. Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu ba komai, kuma zai ƙara wata uku da rai bayan ranar fitowa. Inshorar lafiya ta tafiya kada ta gaza yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Kai da uwargida kowa da nasa fom, kowa sai ya je da kansa a ɗauki zanen yatsunsa. Ku haɗa da takardar aure, musamman idan kai ne mai ɗaukar nauyi, da bayanan banki na watannin baya, da takardar wurin aiki ko rajistar kasuwanci.

Inda ake yawan faɗuwa wuri uku ne. Na farko, kuɗi mai yawa ya faɗo asusu kwatsam ana saura mako guda, ba bayanin inda ya fito. Na biyu, suna ya bambanta, fasfo ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, takardar aure ta ce wani abu dabam. Na uku, neman biza a wata ƙasar don an ce ta fi sauƙi, alhali a Ayislan za a yi yawancin kwanaki. Doka ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa ita za ka nema. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya. Mafi sauƙi shi ne daga Abuja ko Legas zuwa Farankfot, Faris ko Amsterdam, daga nan awa uku zuwa uku da rabi zuwa filin jirgin Keflavik. A wannan zangon farko za a duba fasfonku a shigar da ku Shengen, ku bar aƙalla awa uku tsakanin jirage biyun. Ka guji biyowa ta Landan ko da ya fi araha, domin mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ta Ingila ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma bizar Shengen ta ziyara ba ta ɗauke masa wannan. Ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, don idan jirgin farko ya yi latti ya zama nauyin kamfani ne ya sama muku wani. Daga Keflavik zuwa Reykjavik kusan kilomita 50 ne, minti 45 a bas. Babu jirgin ƙasa a ƙasar gaba ɗaya, tasi kuwa tsadarta sai ta ɓata muku ranar farko. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya duk shekara.

TAMBAYA: Ina so mu ɗauki hayar mota mu zagaye tsibirin duka cikin kwana bakwai. Na saba doguwar tafiya, Zariya zuwa Legas ba ta gagare ni. Zai yiwu? — Alhaji daga Zariya

AMSA: Zai yiwu, Alhaji, amma Hajiya za ta dawo da labarin gilashin mota ne kawai. Hanya mai lamba 1 da ta zagaye ƙasar ta haura kilomita 1,300, iyakar gudu 90 ne a kwalta, 80 a burji, 50 a cikin gari, tarar wuce ƙa'ida kuma mai zafi ce, kamfanin haya yana miƙa bayananka. Tafiyar ma'aurata ba ta son a riƙa ɗaure kaya kowace safiya. Kudancin ƙasar kaɗai ya ishe ku.

Ga yadda za mu raba muku. Daren farko a Reykjavik, ku huta, ku taka titin Laugavegur, ku hau hasumiyar Hallgrímskirkja mai tsayin mita 74 ku ga garin daga sama. Rana ta biyu ku kama zagayen da ake kira Da'irar Zinariya. Farko Thingvellir, wanda a allon hanya za ka ga an rubuta Þingvellir: nan majalisarsu ta fara zama a shekarar 930, kuma nan ne ƙasa ta tsage inda manyan farantan ɓawon ƙasa biyu, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, ke rabuwa kimanin santimita 2 a shekara. Sai Geysir, inda maɓuɓɓugar Strokkur ke tsarto tafasasshen ruwa mita 15 zuwa 20 duk bayan minti 5 zuwa 10. Ku duba inda iska ke kaɗawa kafin ku tsaya, kada kuma a sa yatsa a gwada ruwan da ke gefe. Sai magangarar Gullfoss mai hawa biyu, mita 32. Ku kama ɗan gida a wajen Flúðir ko Laugarvatn, dare biyu, rana ta uku ku bar ta ba shiri. Ita ce ranar bikin, ita ce kuma ta ko-ta-kwana idan yanayi ya ɓaci.

Rana ta huɗu ku gangara gaɓar kudu, ku ga magangara biyu: Seljalandsfoss, wadda ake zagayawa ta bayan ruwanta idan hanyar ba ta daskare ba, da Skógafoss, kowacce mita 60, ku kwana a Vík. Ta biyar ku ƙarasa Jökulsárlón, tafkin da manyan curin ƙanƙara ke yawo a cikinsa bayan sun ɓalle daga Vatnajökull, babban dutsen ƙanƙarar ƙasar. Daga Vík awa biyu da rabi ne, daga Reykjavik kuwa kilomita 380. Ku kwana wajen Skaftafell, ta shida ku juyo. Jiragen Turai da yawa suna tashi da sassafe, daren ƙarshe ya kasance kusa da filin jirgi. Wanda zai je tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya tsaya a Vík, ko ya bar tuƙin ga direbobin ƙasar.

Kusa da Vík akwai gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi, inda kowa ke son hoto. Ta ci rayukan baƙi da dama. Igiyoyin suna zuwa ƙanana-ƙanana, sai ɗaya ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya da nisa, ta ja mutum cikin ruwan da sanyinsa ke kashe gaɓoɓi cikin mintuna. Akwai fitilar gargaɗi a mashiga, kore, rawaya da ja, ku bi abin da ta ce. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

Game da motar: suna tuƙi a hannun dama kamar mu, lasisinka mai hoto da lamba yana aiki idan ya shekara a hannunka, amma ka tafi da na ƙasa da ƙasa don kauce wa musu. Ka nemi mai giya otomatik tun wuri. Fitilar gaba a kunne take dare da rana, doka ce. A shataletale mai layi biyu, wanda ke layin ciki ne ke da hanya idan zai fita, nan baƙi ke yawan gogar mota. Akwai gadoji masu ɗaukar mota ɗaya, allonsu yana cewa Einbreið brú, wanda ya riga isa shi ke wucewa. Tumaki suna yawo a hanya har cikin Satumba, kuma idan ka ga ɗan rago a gefe ɗaya uwarsa a ɗayan, ka tabbata zai tsallaka. Sauka daga hanya a tuƙa cikin fili haramun ne a dokarsu, hanyoyin tsauni masu harafin F kuma ba naku ba ne.

Inshora ce ke cin kuɗin mutane bayan sun dawo gida. Ka ƙara ta tsakuwa, wadda ke biyan fashewar gilashi, da ta yashi da toka, domin a filayen kudu iska tana ɗebo su ta kankare fentin mota. Ƙofar da iska ta fizge ta lanƙwasa kuwa yawancin inshora ba ta biya. Ka ajiye mota tana fuskantar iska, a buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, a riƙe da hannu biyu. Ka ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin ka bar harabar kamfanin. Kowace safiya ka duba vedur.is don yanayi da umferdin.is don hanya. Suna auna iska da mita a daƙiƙa: 15 ya kai kilomita 54 a awa, 20 ya kai 72. Gargaɗi mai launin lemo ko ja yana nufin a zauna a ɗaki. Famfunan mai da yawa ba ma'aikaci, kati mai lambar sirri suke karɓa. Lambar gaggawa 112.

TAMBAYA: Kowa yana maganar Blue Lagoon, tafkin wankan ruwan ɗumin nan, amma na ji maza da mata a haɗe suke, kuma wai sai an tuɓe a yi wanka kafin a shiga. Ni ba zan iya ba. Shi ke nan na rasa? — Uwargida daga Sakkwato

AMSA: Abin da kika ji gaskiya ne, amma ba ki rasa komai ba. Tafkunan ruwan ɗumi na haya duka a haɗe suke, akwai kuma wurin sayar da giya a cikin ruwan Blue Lagoon da Sky Lagoon. Wankan sabulu ba kaya kafin shiga ƙa'ida ce a duk ƙasar, a ɓangaren mata daban na maza daban, kuma manyan wuraren suna da ɗakunan wanka masu ƙofa. Wadda ta ga za ta shiga da kayan ninƙaya masu rufe jiki, ta rubuta musu ta tambaya kafin ta biya, don sai an kama wuri tun kafin a zo.

Shawararmu ta fi wannan sauƙi. Mutanen ƙasar suna da ƙananan gidajen hutu na katako a karkara, sumarbústaður, kuma da yawansu suna da kwamin ruwan zafi a baranda, heitur pottur. Shi za ki nema, ki tabbata an rubuta na gidan ne kaɗai, ba na tarayya da maƙwabta ba, ki duba hotuna ki ga ko akwai shinge. Daga ke sai maigida, ruwa mai zafin digiri 38 zuwa 40, sama a buɗe, idan an dace hasken arewa ya same ku a ciki. Wanda ya san Wikki ta Yankari mai digiri 31 ya san wannan ya fi ta zafi sosai. Minti 15 zuwa 20 a fito a sha ruwa. Mai juna biyu da mai hawan jini su tambayi likita tun a gida.

Idan kin shiga Blue Lagoon, kada kanki ya taɓa ruwan. Sinadarin silika da ya sa shi shuɗi yana busar da gashi ya yi tauri kamar tsintsiya, a cikin kitso kuwa kwanaki yake yi bai fita ba. A cire sarƙa da zobe, musamman azurfa. Ruwan zafin famfo a Reykjavik yana warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wuta, ba lalacewa ya yi ba. Na sanyin kuwa garau yake, ki bar shi ya ɗan zuba ki sha, sayen ruwan roba a can asara ce.

TAMBAYA: Yaya za mu yi da salla da abinci? — Malami daga Maraɗi

AMSA: Alƙibla daga Reykjavik tana wajen digiri 106 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata kudu, saɓanin gida inda muke karkata arewa. Azahar tana shiga wajen ƙarfe 1:30 kusan duk shekara. A Satumba da Oktoba da Maris sauran lokutan ba su da rikici. A Disamba kuwa Azahar da La'asar da Magariba suna cunkushewa cikin kimanin awa biyu, sai a riƙe alwala. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta hasken bayan faɗuwar rana ba ya gushewa gaba ɗaya, manhajojin waya sai su riƙa ba da lokutan Isha'i da Asuba masu saɓa wa juna. A nan a bi jadawalin masallatan Reykjavik, akwai ɗaya a Ármúli, akwai wani a Skógarhlíð, ana Juma'a. Hukuncin ƙasaru ka fi mu sani, Malam, sai dai tunatarwa ga sauran masu karatu: a Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya yana cika salla.

Abinci kuwa, kifi ne mafita, kuma ƙasar kifi ce. Busassun kawunan kifin da ake sayarwa a kasuwanninmu, da yawansu daga can suke zuwa, Najeriya ce babbar kasuwarsu. Ku gwada plokkfiskur, kifi ne da dankali a dagargaje, da skyr mai kama da kindirmo mai kauri. A Friðheimar, kan hanyar Da'irar Zinariya, ana shan miyar tumatir da burodi a cikin rumfar gilashin da ake noman tumatirin, wurin ya dace da ranar biki, amma sai an kama tebur tun wuri. Ku haddace kalmomin nan: svínakjöt naman alade, skinka da beikon su ma nasa ne, hrossakjöt da folaldakjöt naman doki, lambakjöt rago, kjúklingur kaza, fiskur kifi. Tsiran burodin nan nasu da ake yi wa layi, pylsa, akwai alade a cikinsa duk da ana cewa na rago ne. A tsakiyar Reykjavik akwai gidajen abincin Larabawa da 'yan Pakistan, a tambayi yanka. Bayan gari babu su.

Cin abinci a waje sau uku a rana zai karya kasafin kowa. Ku yi sayayya a Krónan ko Bónus ku dafa a masauki. Tambarin Bónus hoton alade ne, kada ya firgita ku, kanti ne kawai mai araha. Yaji, garin kunu da shayi ku tafi da abinku. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa a bar su a gida, an hana shiga da nama da kayan madara daga wajen Turai.

TAMBAYA: Wane irin kaya za mu saya? Rigunan sanyin hunturu za su yi? — Amarya daga Jos

AMSA: Ko na Jos ba za su yi ba. Sanyin bai kai yadda sunan ƙasar ke tsoratarwa ba, a Janairu Reykjavik tana yawo ne wajen digiri 0, a Yuli wajen 11. Iska da ruwan sama mai zuwa ta gefe su ne matsalar. Kaya hawa uku ake sawa: na jikin fata na ulu ko na roba mai tsotse gumi, na tsakiya suwaita mai kauri, na waje riga da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga da jins idan suka jiƙe riƙe sanyi suke yi, lema kuma ba ta minti biyar. Takalmi mai rufe idon sawu da ƙasa mai kama tsantsi, safar ulu, safar hannu, hula mai rufe kunne. Daga Nuwamba a ƙara ƙusoshin ƙarfe masu madaurin roba da ake ɗaura wa takalmi. A dilar gwanjo, irin ta Ƙofar Wambai, ana samun yawancin waɗannan, a gwada rigar da ruwa kafin a biya.

Doguwar abaya tana shan ruwa daga ƙasa, babban mayafi da babbar riga kuma iska tana hura su. Hijabi mai kama kai a cusa shi cikin kwala, doguwar rigar ruwa mai kai gwiwa a kan wando mai faɗi, sutura ta cika. Kayan kwalliya a ajiye don cin abincin dare. Man kaɗanya don leɓe da fata. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, 'yan Najeriya su riƙe adafta. Sanyi yana zuƙe batirin waya, a sa ta a aljihun ciki.

TAMBAYA: Mahaifiyata ta ce ba za mu je ƙasar da wuta ke fitowa daga ƙasa ba. Me zan ce mata? — Wani ango daga Kumasi

AMSA: Ka ce wa Hajiya tana da hujja, sannan ka ba ta bayani. Tun Maris 2021 ake samun aman wuta a yankin Reykjanes, inda filin jirgin Keflavik yake, an kwashe mutanen garin Grindavík a Nuwamban 2023, kuma ana rufe Blue Lagoon lokaci zuwa lokaci saboda tana kusa. Amma irin wannan aman, narkakken dutse ne ke malala a yanki ƙarami da ake killacewa, ba irin na dutsen Eyjafjallajökull na 2010 ba, wanda ya tashi a ƙarƙashin ƙanƙara ya cika sama da toka ya tsayar da jiragen Turai. Filin jirgin Keflavik ya ci gaba da aiki a lokutan aman Reykjanes. Ku duba safetravel.is kullum, ku bar wayoyinku a kunne don hukuma tana turo saƙon gargaɗi ga wayoyin da ke yankin haɗari, kada ku tsallake shingen da aka sa. Abin da ya fi kamata ku kula da shi daga gida za ku tafi da shi: idan zazzaɓi ya kama ɗayanku a can, ku gaya wa likita daga yankin cizon sauro kuka fito, domin ba cutar da yake gani kullum ba ce. Duk maganin da kuke sha ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita, kuma a jakar hannu.